Ƙorafin Soja a Kanada: Mai Yanke Hukunci ba Shi ne Mai Biya ba

Sojan Kanada ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba ya yajin aiki, kuma kotunan ƙasar sun daɗe da yanke cewa babu yarjejeniyar aiki tsakaninsa da gwamnati irin wadda ma'aikacin farar hula zai kai gaban alƙali. Abin da ya rage masa shi ne sashe na 29 na Dokar Tsaron Ƙasa, wanda ya ba shi damar rubuta ƙorafi. Wannan maƙala na ganin cewa ƙofar nan guda ta yi ƙunci, kuma ƙuncin ya fi bayyana a ƙararrakin da ake rainawa, wato na hutun shekara da na kuɗin lauya.

Tsarin da ake bi yanzu ya samo asali ne daga abin kunyar da ya faru a Somaliya a 1993, lokacin da sojojin Kanada suka kashe wani matashi da ke tsare a hannunsu. Gyaran dokar da ya biyo baya a 1998 ya samar da hukumar duba ƙorafe-ƙorafe mai zaman kanta, wadda ta fara aiki a 2000, aka sauya mata suna a 2013. Sai dai shawara kawai take bayarwa. Hukuncin ƙarshe na Babban Hafsan Tsaro ne, ko da yake wajibi ne ya bayyana dalili idan ya ƙi bin shawarar.

A takarda, maganar hutu ba ta da wuya: kwana 20 na aiki a shekarun farko, 25 bayan shekara 5, 30 bayan shekara 28. Shekarar hutun kuma tana ƙarewa ranar 31 ga Maris. Rigimar tana tasowa ne idan aiki ya hana soja tafiya har wa'adin ya cika, domin kwamandan da ya riƙe shi a bakin aiki shi ne kuma zai shaida cewa larurar aiki ce ta riƙe shi. Kwanakin nan ba alfarma ba ne, wani ɓangare ne na ladan aikinsa.

Batun kuɗin lauya ya fi tsanani. Ƙa'idar Hukumar Baitulmali ta ce gwamnati za ta ɗauki nauyin shari'ar ma'aikacinta idan ya yi aiki da kyakkyawar niyya, cikin hurumin aikinsa, kuma bai saɓa wa muradin gwamnati ba. To, wa ke auna niyyar? Ita gwamnatin, wadda wani lokaci ita ce ke tuhumarsa. Mark Norman, mataimakin Babban Hafsan Tsaro a lokacin, an tuhume shi da cin amana a 2018, aka ƙi biya masa kuɗin lauya, har jama'a suka yi masa karo-karo ta intanet. Sai da masu gabatar da ƙara suka dakatar da shari'ar a watan Mayun 2019 sannan gwamnati ta ce za ta biya. Wannan fa mutum na biyu ne a rundunar a wancan lokacin. Kurtu kuwa ba shi da suna a jarida balle masu tara masa kuɗi.

Tun a 2003 tsohon Alƙalin Alƙalai Antonio Lamer ya nuna gurbin: Babban Hafsan zai iya cewa an cuci soja, amma ba shi da ikon biyan diyya. Wuƙar tana hannunsa, naman yana hannun Baitulmali. A 2012 an ba shi ikon biyan wani abu, amma a matsayin kyautatawa, ba a matsayin haƙƙi ba, kuma ba a yarda ya yi amfani da shi wajen cike giɓin wata ƙa'ida ba.

Masu kare tsarin na cewa ladabin soja ba ya jure wa alƙali daga waje. Jamus ba ta ga haka ba. Tun 1959 take da kwamishinan majalisa mai kula da sojoji, wanda kowane soja zai iya rubuta wa kai tsaye ba tare da bi ta hannun kwamandansa ba, kuma doka ta hana a hukunta shi don ya yi hakan.