Daga Lauje Zuwa Tarakta: Tarihin Yankan Ciyawa a Birnin Dikko

A Katsina ta da, ciyawa haja ce. Da zarar damina ta zauna, tun sanyin safiya masu yankan ciyawa ke fita ta Ƙofar Sauri ko Ƙofar Durɓi da laujensu, su dawo da dammunan harƙiya da ƙyasuwa a ka ko a bayan jaki. Masu saye suna nan suna jira, domin gidan sarauta da na attajiri ba ya rasa turke, kuma bargar Sarki kaɗai tana cinye ciyawa mai yawa kullum. Ba wanda ke yanke ta don fili ya yi kyau. Ana yanka ne don doki ya ci.

Dokin ne kuma ya kawo sauyi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har zuwa 1944, ya je Ingila a farkon shekarun 1920, ya kuma rungumi wasan ƙwallon dawaki da Turawa suka shigo da shi Legas tun 1904. Ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya, Katsina ta zama gidan wasan. Ɗansa Usman Nagogo, da ya gaje shi ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai matakin gwaninta na 7, abin da har yau ake jinjina masa a kai. Jikan Dikko, Janar Hassan Usman Katsina, shi ma ya yi suna a kan sirdi. Wasan yana son fili mai tsawon yadi 300 da faɗin 160, shimfiɗaɗɗe, babu rami babu kututture, domin dokin da ke sukuwa in ya yi tuntuɓe har mahayinsa yake kayarwa. Da irin wannan fili, da filayen wasa na makarantu irin Kwalejin Katsina, da farfajiyar gidajen Turawa, yankan ciyawa ya zama aikin gyaran wuri. Leburori da adda da lauje ne suka daɗe suna yin sa.

A can Ingila an riga an yi wa aikin na'ura. Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa na farko a 1830, bayan ya lura da wata na'ura mai aske gashin yadi a masaƙa. Kamfanin Ransomes ya fitar da mai aiki da fetur wanda ake hawa a 1902, sannan John Deere na Amurka ya kawo ƙaramar taraktarsa mai lamba 110 a 1963. Jikokin waɗannan ne ake shigowa da su Nijeriya yanzu, sababbi da na gwanjo, don manyan filaye na jami'o'i da otal-otal da gidajen masu hali.

Abin da ya kamata ya dami kowa shi ne yadda ake miƙa wannan inji. Yaron barga yakan shekara yana share turke da ɗaura linzami kafin a bar shi ya hau dokin maigida, amma tarakta sau da yawa makulli kawai ake danƙa wa mai gadi ko mai ban ruwan fulawa, littafin bayaninta kuwa da Turanci yake, in ma ya iso tare da ita. Alhali a ƙarƙashin kujerar akwai wuƙaƙe masu juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya. Dutse ko guntun ƙarfen da suka tsinta suna iya harba shi ya fasa ido ko gilashin mota.

Ƙa'idar tayar da tarakta ba ta da wuya. Kafin a taɓa makulli, a zaga filin a ƙafa a tsince duwatsu da waya da kwalabe, a kori yara da awaki. A duba baƙin mai da iskar taya. Fetur a waje ake zuba shi, injin yana kashe kuma ya huce. Sai mutum ya zauna daram a kujera, ya taka birki, ya tabbatar giya tana firi kuma wuƙaƙen a kashe suke, ya ja cok idan injin ya kwana, sannan ya murɗa makulli. In bai tashi ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a saki a ɗan jira, kada a ƙone sitata. Ba a tayar da shi a rufaffen gareji, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Akwai wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujera da ke kashe injin da zarar direba ya tashi. Idan ya fara ba da matsala, wasu makanikai sukan haɗe wayoyinsa don a huta. Wannan ganganci ne, domin maɓallin ne ke hana wuƙa ci gaba da juyawa lokacin da mutum ya faɗo ko ya sauka cire abin da ya maƙale. In ciyawa ta toshe, a kashe injin, a zare makulli, a cire wayar fulogi, a yi amfani da sanda. A kan gangare ana hawa ne a sauko, ba a ratsa shi a karkace, kuma a nisanci bakin kwalbati da kududdufi, waɗanda ƙasarsu ke zaftarewa a watan Agusta. Silifa ba takalmin wannan aiki ba ne.

Hatsarin da ya fi ciwo shi ne na yara: uba ya ɗora ɗansa a cinya don ya ji daɗi, ko ya yi ribas bai waiwaya ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ɗauki yaro a kan tarakta ko kaɗan, kuma kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa ta.

Duk hukuma ko maigidan da ya iya sayen tarakta a Katsina, ya iya biyan wanda zai zauna da direbanta ya koya masa da Hausa kafin damina ta faɗi.