Charles Mingus, Makaɗin da Ya Yi wa Gwamna Zambo

Idan muka waiwayi tarihin kiɗan jaz na Amurka, dole mu tsaya kan Charles Mingus, gwanin kaɗa bas, wato ƙaton gogen nan mai kaurin murya. An haife shi a 1922, ya tashi a unguwar Watts ta Los Angeles.

A 1957 Gwamna Faubus na jihar Arkansas ya jibge sojoji don hana ɗalibai tara baƙar fata shiga wata sakandare a Little Rock. Mingus ya mayar masa da martani da zambo mai suna "Fables of Faubus". A faifan 1959 kiɗa ne zalla. A 1960 ya sake ɗauka da baitoci, yana kiran sunan gwamnan ƙarara.

Mingus ya mutu a Meziko a 1979. Da yawanmu ta bakin makaɗin muka san sunan gwamnan.