Daga 1 Zuwa 70: Yadda Amurkawa Suka Sa wa Tsofaffin Kwandaloli Maki

A watan Janairun 2013 aka yi gwanjon wata dalar azurfa ta Amurka, bugun 1794, aka sallama ta a kan fiye da dala miliyan 10. Azurfar da ke jikinta ba ta kai ta dala 50 ba. Abin da mai saye ya biya shi ne tsufanta, da ƙarancin irinta, da lafiyar jikinta, wadda wani kamfani ya taƙaita da lamba ɗaya: 66. A kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi, irin wannan lamba kan raba kwandala biyu masu shekara ɗaya da zane ɗaya, ɗaya ta yi kuɗin keke, ɗaya ta yi kuɗin gida. To daga ina lambar ta fito, kuma wa ya ba ta wannan iko?

Kafin zuwanta, da baki ake ciniki. Dillali zai rubuta a takardar tallarsa cewa kwandala “mai kyau” ce, ko “mai kyau ƙwarai”, ko “ba ta taɓa shiga hannu ba”. Yawancin cinikin ta gidan waya ake yi, mai saye ba ya ganin kaya sai bayan ya biya. Abin da dillali ya kira mai kyau ƙwarai ranar sayarwa, shi ne zai kira dama-dama ranar da aka dawo masa da shi.

A 1949 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna William Sheldon ya fitar da littafin Early American Cents, a kan manyan kwabban jan ƙarfe da Amurka ta buga daga 1793 zuwa 1814. A ciki ya kawo ma'auni daga 1 zuwa 70. Maki 1 na kwabon da ya goge har da ƙyar ake gane shi, 70 kuwa na wanda ba shi da aibi ko kaɗan. Asalin lambobin lissafin farashi ne: idan mafi lalacewa ya yi dala 1, mai maki 12 zai yi dala 12, marar aibi ya yi dala 70. Ba a daɗe ba kasuwa ta rushe wannan lissafi, domin masu kuɗi sun riƙa biyan ninkin-ba-ninki a kan masu lafiya. Lissafin ya mutu, lambobin suka rayu. A 1977 Ƙungiyar Masu Tara Kuɗi ta Amurka, wato ANA, ta ɗauki ma'aunin ta shimfiɗa shi a kan dukkan kwandalolin ƙasar.

Ita wannan ƙungiya tun 1972 ta buɗe ofishin ANACS don bambance na gaske da jabu, a 1979 kuma ofishin ya fara ba da maki. Yakan ba da takardar shaida mai ɗauke da hoton kwandalar. Sai dai takarda daban, kwandala daban, mai son zuciya na iya haɗa takardar mai kyau da wata mai kama da ita. Ga kuma wata matsalar. A Janairun 1980 farashin azurfa ya kusa dala 50 kowane oza, jama'a suka yi rububin sayen kwandaloli. Da kasuwa ta faɗi, dillalai suka tsaurara ido, wanda ya sayi kaya a matsayin 65 ya wayi gari ana ce masa 63 ne, alhali ko ƙwarzane bai ƙaru a jikinsu ba.

Daga wannan rashin yarda aka haifi kamfanin PCGS a Kalifoniya a 1986, ƙarƙashin jagorancin dillali David Hall, sannan NGC ya biyo baya a 1987. Dabararsu mai sauƙi ce. Ka aika kwandala ka biya lada, ƙwararru fiye da ɗaya su duba ta ba tare da sanin mai ita ba, sannan a rufe ta ruf cikin kwanson roba mai garai-garai tare da makinta da lambar rajista. Ba a fitar da ita sai an fasa kwanson. Kamfanin kuma ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan ta zama jabu. Nan take dillalai suka fara saye da sayarwa ta waya ba tare da ganin kaya ba, lamba kawai ake faɗa. Kwandalar da ba ta cikin kwanso ta koma “tsura”, mai saye yana rage mata kuɗi saboda kasadar da zai ɗauka.

Wannan sauƙi ya jawo masu zuba jari da ba su san komai game da kwandala ba. Manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi irin su Merrill Lynch suka kafa asusun sayen tsofaffin kwandaloli, farashi ya yi tashin gwauron zabi zuwa 1989, sannan ya rikito. A 1990 hukumar kula da kasuwanci ta gwamnatin tarayyar Amurka ta ƙalubalanci PCGS kan yadda yake tallata makinsa, aka sasanta bisa sharaɗin ya riƙa sanar da jama'a cewa shaidarsa ba ta kare mai saye daga faɗuwar kasuwa.

Gaskiyar da ta fito fili ita ce maki ra'ayin ƙwararre ne, ba awon sikeli ba. Daga 60 zuwa 70 matakai 11 ne, duk na kwandalolin da ba su shiga hannu ba, kuma abin da ya raba 64 da 65 na iya zama ɗan tabo a kuncin hoton da ke jiki. Da yake maki ɗaya kan ninka farashi, sai wata sana'a ta ɓullo: a sayi mai 64 da ta yi kyau, a fasa kwanson, a sake aikawa har a dace da 65. A 2007 John Albanese, wanda da shi aka kafa kamfanonin biyu, ya buɗe CAC, mai duba kwandalar da aka riga aka rufe ya manna mata koren tambari idan ta cika makinta. Wato mai shaida ma ya samu mai shaidarsa. Daga baya har kwanson jabu ya shigo kasuwa, dole mai saye ya duba lambar rajista a intanet.

Shi kansa Sheldon bai tsira da mutuncinsa ba. Bayan mutuwarsa a 1977, bincike ya nuna an musanya kwabbai 129 a taskar wata ƙungiyar masana kuɗi da ke New York, inda aka amince masa yana shiga nazari: an ɗauke masu lafiya an ajiye na ƙasa da su. An bi sawun da yawa zuwa tarin da ya sayar, kuma kotu a Kalifoniya ta umarci wanda ya saya ya mayar da waɗanda ke hannunsa. Wanda ya fi kowa sanin bambancin maki shi ya fi iya cin amana da shi.

Darasin ya shafi mai ajiye da kwabo mai huji ko anini na zamanin Turawa. Wasu daga cikin waɗanda aka buga wa Afirka ta Yamma a 1936 suna ɗauke da sunan Sarki Edward na VIII, wanda ya yi murabus kafin ya cika shekara a kan gadon sarautar Ingila. Labarin yana da daɗi, amma miliyoyi aka buga, don haka wanda ya sha hannu ba ya kuɗi, ladan tantancewa da na aikawa za su fi ƙarfinsa. Kwanso ba ya mayar da abu mai yawa ya zama marar yawa. Amfaninsa yana ga kwandala mai wuyar samu, ko wadda ake yawan yi wa jabu, ko wadda za a sayar wa baƙon da ke nesa. Abin da ake biya a kansa kuɗin yarda ne.

Abu ɗaya kuma ya kamata a kiyaye: kada a goge tsohuwar kwandala da toka ko lemon tsami don ta yi ƙyalli. Masu tantancewa suna gane gogaggiya, sukan hana ta maki su rubuta cewa an wanke ta, farashinta ya zube. Duhun da shekaru suka bar mata yana cikin abin da masu saye ke nema.