Asalin Makullin Tayar Gaba a Tsofaffin Akori-kura Masu Ja da Ƙafa Huɗu

A tsakiyar tayoyin gaba na tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu akwai wani ɗan murfi da ake murɗawa da hannu, an rubuta FREE a gefe ɗaya, LOCK a ɗaya gefen. Kanikawa kan kira shi hob. Wani ya sayi mota da shi har ya sayar bai taɓa murɗa shi ba, wani kuma ya bar nasa a kulle shekara da shekaru. Alhali wata matsala ce ta haifar da shi, kuma duk wanda ya fahimce ta ya fahimci rabin abin da ke ƙarƙashin motarsa.

Tunanin raba ƙarfin inji ga ƙafafu huɗu ya daɗe. A 1903 kamfanin Spyker na ƙasar Holan ya ƙera irin wannan mota mai shan fetur, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya manyan motocin FWD da Jeffery Quad na Amurka sun yi jigilar kayan soja a cikin taɓon Faransa. Amma tsarin da muke gani a yau Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yaɗa shi. Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera wa sojoji ƙananan motocin Jeep fiye da 600,000, dukansu da fasali iri ɗaya: a bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin giya mai raba ƙarfi, farfela ɗaya ta fita daga cikinsa ta nufi aksil na baya, ɗaya ta nufi na gaba. A cikin akwatin kuma akwai giya mai nauyi ta hawan dutse da fita daga laka.

Da yaƙi ya ƙare, gwamnatin Amurka ta yi gwanjon rarar motocin, manoma da mafarauta suka saye. Willys ya fitar da CJ-2A ta farar hula a 1945, Dodge ya kawo Power Wagon kasuwa a 1946, Land Rover ta Ingila ta bayyana a 1948. A nan ne matsalar ta fito fili. Soja ba ya lissafin mai, amma manomin da ke hawa kwalta zuwa kasuwa yana yi. Ko direba ya cire ƙafa huɗu da liba, tayoyin gaba na nan ɗaure da sandunan aksil. Taya na gungurawa, tana juya sanda, sanda na juya haƙoran tsakiyar aksil, su kuma suna juya farfelar gaba. Ƙarfe mai yawa na ta wahala a banza, mai na ƙonewa, ga ƙugi da girgiza, ga lalacewar da babu gaira babu dalili.

Wani dillalin motocin Willys a yankin Siyatil na Amurka, Arthur Warn, shi ne ya yi fice da maganin abin. A 1948 ya kafa kamfaninsa yana sayar da murafun da ke raba taya da sandar aksil. Na farkon sai an kwance notuna an sauya su da hannu duk lokacin da za a koma jeji. A cikin shekarun 1950 aka samu wanda ake murɗawa kawai. Cikinsa babu wani sarƙaƙiya: ƙaramin ƙarfe mai haƙora a kan bakin sanda, zobe mai haƙora da ke zamewa gaba da baya, sai sifirin da ke tura shi. Idan aka murɗa zuwa LOCK, zoben ya hau ya haɗa sanda da taya. Idan aka mayar FREE, ya janye, taya ta riƙa juyawa ita kaɗai a kan boris.

A wancan zamanin wasu manyan kamfanoni ba su ma fara ƙera akori-kura mai ƙafa huɗu da kansu ba. Marmon-Herrington ne ke juya motocin Ford, NAPCO kuma na sayar da kayan juya Chevrolet da GMC. Sai a 1959 Ford ya fara haɗa tasa a masana'antarsa. A Japan, Toyota ta sa wa motarta suna Land Cruiser a 1954, Hilux kuma, wadda aka fara a 1968, ta samu ƙafa huɗu a 1979, da hob ɗin kamfanin Aisin. Waɗannan biyun suna cikin waɗanda suka kawo makullin har hanyoyin yashi na arewacin Agadas da hanyoyin ƙauyukanmu da damina ke yankewa.

An yi ta ƙoƙarin hutar da direba daga saukowa cikin taɓo. A 1973 kamfanonin Amurka suka kawo akwatin NP203 mai ja da ƙafa huɗu a kullum, sai ga tsadar mai ta wannan shekarar, masu motoci da dama suka sayi kayan juyawa suka koma ga hob. A shekarun 1980 aka yi yayin hob mai kama kansa, wanda sai an ɗan yi ribas yake saki, kuma yakan saki a daidai lokacin da mota ta kafe ana gaba ana baya. Daga baya aka mayar da makullin cikin aksil ɗin kansa, iska ko lantarki na sarrafa shi, kamar tsarin ADD na Toyota. Duk da haka, har yau ana fitar da wasu Land Cruiser jerin 70 da makullin hannu, domin abin da hannu ya kulle ido ya gani ba ya yaudara.

Wannan tarihi ne ke taimaka wa mai sayen tsohuwar mota, tunda rubutun jikin bodi ba hujja ba ne. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Shin aksil na gaba yana da kumburarren ƙulli irin na baya? Akwai farfela da ta taho masa daga akwatin raba ƙarfi, ko an cire ta don ɓoye wata cuta? A ciki, akwai ƙaramar liba mai 2H, 4H, N da 4L? Sannan a ɗaga tayar gaba da jak. A FREE, idan aka juya taya, sandar da ke bayanta ta tsaya cik. A LOCK, za a ji ɗan ƙas, sanda ta bi taya. Idan ba ta bi ba, haƙora sun cinye, ko sifirin ya karye, ko busasshen giris ya riƙe zoben.

Mai irin wannan mota ya kiyaye abu uku. Ya kulle hob biyun tare, kuma tun kafin ya shiga yashi ko laka, domin idan ɗaya na buɗe, ƙarfin gaba duk ta nan zai zurare. Kada ya ja ƙafa huɗu a busasshiyar kwalta, saboda a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, kuma tsohon akwatin ba shi da hanyar daidaita su, sai ƙarfe ya murɗe. Lokaci-lokaci kuma ya kulle ya yi 'yar tafiya don mai ya zagaya haƙoran gaba. Wanda ya riƙe waɗannan, motarsa za ta fitar da shi ranar da hanya ta ɓaci.