Ci gaban layi a roff

Ci gaban layi a roff hanya ce da ake bi don a raba umarni guda zuwa layi biyu ko fiye, manhaja kuma ta karanta shi a matsayin layi ɗaya. An fi amfani da ita wajen rubuta shafukan jagora na Unix da Linux, waɗanda ake buɗewa da umarnin man.

Tarihi

Tsarin roff ya samo asali ne daga RUNOFF, wanda Jerry Saltzer ya rubuta a jami'ar MIT da ke Amurka a 1964. Littafin jagorar Unix na farko ya fito a 1971. Joe Ossanna ne ya rubuta nroff da troff a Bell Labs. A yau manhajojin da aka fi amfani da su su ne groff, wanda James Clark ya fitar a 1990, da mandoc na Kristaps Dzonsons, wanda OpenBSD ke aiki da shi.

Yadda yake aiki

Layin umarni yana farawa da ɗigo, kamar .B mai kaurara rubutu. Kalmomin da umarnin zai yi aiki a kansu suna ƙarewa ne inda layin ya ƙare. Idan layin ya yi tsawo, sai a sa karkatacciyar sanda (\) a ƙarshensa:

.B Ƙofar \
Doka

Manhajar za ta haɗe layukan, ta fitar da "Ƙofar Doka" duka da kauri. Sandar ba ta ƙara tazara da kanta. Da ba a bar tazara kafin ta ba, da "ƘofarDoka" za a samu.

Akwai kuma alamar \c, wadda aikinta daban ne. Ba ta haɗe layukan da aka rubuta. Tana sa rubutun da ke biye ya manne da na baya a shafin da aka fitar, ko da umarni daban ne ya tsara shi.

Matsaloli

Dole sandar ta zama alama ta ƙarshe a layin. Idan tazara ta biyo ta, ko da ido bai gan ta ba, roff zai ɗauke su a matsayin tazarar da ba a karyawa. A misalin da ke sama, "Doka" za ta fito ba kauri. Haka ma sandar da ta zo bayan alamar sharhi \" ba ta aiki, domin ana watsar da duk abin da ya biyo alamar har ƙarshen layi.

Ci gaban layi bai ƙara yawan kalmomin da umarni ke karɓa. A tsohon tsarin man, umarni irin .BR kalmomi 6 kawai yake ɗauka, don haka shafin da ya fito daidai a groff yana iya rasa wasu kalmomi a tsohuwar manhaja.