Daga Filin Daytona Zuwa Hanyar Yangoji

Yau tarihin tseren motoci zan ɗan taɓo mana. A 1948 Bill France ya kafa ƙungiyar NASCAR a Amurka, a 1959 kuma aka buɗe filin Daytona mai siffar ƙwai, kewayensa kilomita 4. A can ne shahararren direba Dale Earnhardt ya daki bango ya mutu a zagayen ƙarshe na tseren 2001. Kafin shekarar ta fita, aka tilasta wa direbobi sanya abin tallafe wuya. Su da likitoci a gefe ke nan. Mu kuwa hanyar Abuja zuwa Lokoja ta gabanmu ta wuce, yaranmu suna tsallaka ta kullum. Direbobinmu, don Allah a sassauta ƙafa. Allah ya kiyaye hanya, amin.