Alƙalami Ɗaya, Sana'a Uku: Waiwaye a Kan Rayuwar Aiki ta Alhaji Abubakar Imam

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka ambaci sunan marigayi Alhaji Abubakar Imam a zauren nazari, abin da kan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Wannan ba laifi ba ne, domin kuwa da su ne ya shiga kowane aji na ƙasar Hausa. Sai dai idan aka auna shekarun da ya yi yana aiki da alƙalami, za a tarar ƙaga labari ɗan ƙaramin yanki ne kawai a cikinsu. Mafi yawansu ya ƙarar da su ne a kan teburin jarida, da rubuta littattafan bayanin ilmi, da kula da ɗab'i. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun waɗannan sana'o'i uku, ta kuma nuna cewa a hannun Imam aiki ɗaya ne suke yi, watau horar da rubutacciyar Hausa ta iya ɗaukar baƙon abu ta kai shi kunnen talaka ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

2.0 Daga Aji Zuwa Hukumar Talifi

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, sa'an nan ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A wannan zamani matsalar da ta addabi makarantun boko ita ce rashin abin karantawa. Yaro kan koyi haɗa baƙi da wasali, amma in ya fita aji ba shi da littafin da zai ɗauka don jin daɗi. Gwamnati ta riga ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya aka sake wa suna Hukumar Talifi, tana Zariya a ƙarƙashin Dokta Rupert East. A 1933 East ya zaga manyan garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida da East suka haɗu suka rubuta.

A 1936 aka nemi aron Imam zuwa Zariya na wata shida, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Abin lura a nan shi ne, aikin da aka ba shi na littafin karatu ne na makaranta, mai tsari da mataki. An tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, shi kuwa ya tace su, ya tufatar da su da kayan Hausa har baƙuncinsu ya ɓace. Ashe ke nan tun a nan ya koyi dabarar da zai rayu da ita: ɗauko abin da aka faɗa da wani harshe, a sake gina shi yadda Bahaushe zai ji kamar a ƙofar gidansu aka haife shi.

3.0 Aikin Jarida

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa. Kuɗinta kwabo ɗaya, kuma da farko wata-wata take fitowa. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Ba a cika shekara ba sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jaridar ta zama babbar kafar da mutanen Arewa ke jin labarin fagen fama, musamman da yake 'ya'yansu na cikin sojan da aka kai Gabashin Afirka da Bama.

A nan ne harshe ya gamu da jarrabawa mai tsanani. Tatsuniya tana da kalmominta tun kaka da kakanni, amma labarin jiragen yaƙi, da tashin farashi, da tsarin mulki, ba shi da su a shirye. Edita yana da hanya uku: ko ya ari kalma daga Larabci, kamar siyasa da majalisa, ko ya hausantar da ta Ingilishi, kamar soja da gwamna, ko ya ƙera bayani daga cikin gida, kamar jirgin sama. Kowane fitowar jarida sai an yi wannan zaɓi, kuma abin da aka zaɓa shi dubban mutane za su maimaita. Haka nan batun ƙa'idojin rubutu. A shekarun 1930 ne aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, amma yawan ganinsu a shafin jarida shi ya sa ido ya saba da su. Daɗin daɗawa, jarida ɗaya a lokacin takan wuce hannu da yawa, mai karatu ɗaya yana karanta wa jama'a a zaure ko a gindin bishiya. Saboda haka dole jimla ta zama wadda kunne zai kama a karo ɗaya. Wannan sharaɗi shi ya haifar da salon Imam na gajerun jimloli, da karin magana a inda ya dace, da yi wa mai karatu magana kai tsaye.

Amma fa kada a manta jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce. Imam ya zauna ne tsakanin wuta uku: Turawa masu biyansa albashi, da sarakuna masu iko da ƙasa, da matasa 'yan boko masu aiko wasiƙun koke. Shafin wasiƙu ya zama dandalin da ɗan Arewa ya fara koyon yin muhawara a rubuce a bainar jama'a. A 1943 Imam ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, amma ya gana da Lugga, ya bayyana masa illolin da yake gani a mulkin En'e. Masu nazari sun saɓa a kan wannan matsayi nasa: wasu na ganin taka-tsantsan ne ya yi yawa, wasu na ganin ya san Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin zamani a lokacin. Ko ma wanne ne, tafiyar ta haifar da littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944, wanda shi kansa rabinsa rahoton ɗan jarida ne, rabinsa darasi.

4.0 Rubutun Bayani da Aikin Ɗab'i

Sashen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi cikin ayyukan Imam shi ne rubutun bayanin ilmi. Babban misali shi ne Ikon Allah, wanda shi da East suka rubuta a kan halittu iri-iri na duniya. Sunan littafin kansa dabara ce. A zamanin da iyaye da dama ke ɗari-ɗari da boko, an gabatar da kimiyya a matsayin duban hikimar Mahalicci, ta yadda malamin zaure ba zai ga abin ƙi ba. Irin wannan rubutu ya fi ƙaga labari wuya, domin marubuci ba shi da ikon ya karkata gaskiya don daɗin zance, ba shi kuma da ikon ya gundure mai karatu.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, inda aka haɗa rubutu da gyara da bugu da rarrabawa a wuri guda. Bayan shekara goma sha biyu yana edita, a 1951 Imam ya koma shugabancin sashen littattafai na kamfanin. A nan aikinsa ya tashi daga rubuta nasa zuwa duba na wasu: zaɓen abin da ya cancanci bugu, da daidaita harshensa, da lura da yadda zai isa kasuwa. Wannan hanya ce Hukumar NORLA ta biyo a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, da ƙananan littattafanta na kiwon lafiya da noma da sana'o'i, kafin ta rushe a 1959, sa'an nan kamfanin NNPC ya gaje ta a 1966. Shi kuwa Imam, bayan ya taɓa zaman majalisar dokoki, ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, wadda daga baya ya shugabanta. Allah ya yi masa rasuwa a 1981. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaran Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, aka kuma buga tarihin rayuwarsa da ya bari a 1989, wanda Abdurrahman Mora ya tace.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa malami, da ɗan jarida, da mai kula da ɗab'i, duk tambaya ɗaya suke amsawa a rayuwar Imam: yaya za a faɗi wannan da Hausa har a gane? Kundayen digiri a kan jigo da salon ƙagaggun labaransa sun yi yawa, alhali sharhunansa na jarida da littattafansa na bayani, inda daidaitacciyar Hausa ta yi ƙashi, ba su sami kwatankwacin wannan kulawa ba. Takardar jarida kuwa ba ta jiran kowa. Gara da zafi da damina suna nan suna aikinsu. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su tattara fitowar Gaskiya ta 1939 zuwa 1951, su adana ta a kwamfuta, su sa ɗalibai su bi tarihin kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Masu fassara kalmomin likitanci da na fasaha a yau suna fama da irin matsalar da Imam ya fuskanta a kan teburinsa na Zariya, kuma akwai abin koyi mai yawa a yadda ya warware ta.